Jaka Biyu a Allon Sarwar

Shekara talatin da ɗaya Gulam Sarwar ya yi yana rarraba wasiƙu a gidan waya na Multan, kowace wasiƙa da gurbinta, kuma da ya yi ritaya halin bai bar shi ba. Safa da gurbinta, ƙwayar hawan jini da gurbinta, almakashi idan ya wuni inda ba wurinsa ba sai an ji magana. Matarsa Musarrat ta sha gaya masa cewa da yana da iko, ita ma da ya manna mata kan sarki ya jefa ta a wani gurbi.

Da idonsa ya fara gazawa, 'yarsu Shagufta ta aiko masa da na'urar karatu daga Maskat, siririya, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Allo suke ce mata a gidan. Idan rubutu ya yi ƙanana sai ya ja shi da yatsa ya girma. Ya kai ta kasuwa wurin wani mai kwamfuta, aka cika masa ita da littattafai, ya dawo yana murmushi kamar wanda aka yi wa ƙarin girma.

"Akwai Alƙur'ani a ciki?" in ji Musarrat.

"Akwai. Da tafsiri, da hadisi."

"Labaran nan naka na soyayya da 'yan sanda fa?"

"Su ma suna ciki."

"To, baban Tanwir, a ina za a ajiye shi? Sama ko ƙasa?"

Ya ɗaga kai ya dubi kanta. Alƙur'anin gidan yana kan kanta ta sama, a naɗe cikin koren ƙyalle, ba a juya masa baya, ba a miƙe masa ƙafa. Littattafan labari kuwa a ƙarƙashin gado suke, cikin kwalin mangwaro. Kwana uku yana juya maganar. Rana ta huɗu ya kira ta ya nuna mata: ya buɗe jaka biyu a cikin allon, ya ware littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ta dama ya rubuta mata "Da alwala". Ta hagu ya rubuta mata "Ba alwala". Allon kansa ya ba shi kanta ta tsakiya.

"Wasiƙar biki da wasiƙar mutuwa a buhu ɗaya suke tafiya," ya ce. "Muddin kowace na cikin ambulan ɗinta, babu ruwan wata da wata."

"Kai da malamai can," ta ce. Amma ta yarda.

Shekara huɗu suka yi a haka. Da asuba ya buɗe ta dama shi kaɗai. Bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da unguwa har karnuka su yi shiru, sai ya jawo gadon igiya ƙarƙashin fanka ya buɗe ta hagu, ita kuma ta zauna a ƙasa da tire tana tsince tsakuwa daga dal, ƙananan waken da suke miya da shi. Shi ya karanta, ita ta saurara ta yi ta zagin mutanen cikin labarin. Musarrat ba ta yi makaranta ba, in ban da shekara uku a gidan wata malama tana yarinya. Alƙur'ani tana karanta shi tsaf, don kowane harafi da wasalinsa. Urdu kuwa, harshen da ake rubuta labaran da shi, ba a sa masa wasali, sai ka san kalma tukuna ka gane ta, don haka layi ɗaya kan ɗauke ta lokacin da za a dafa shayi.

Littafin ƙarshe da ya ɗauko labarin wata tela ce da ƙaninta ya ɓace a shekarar da aka raba ƙasa, yana ɗan shekara shida. Bayan shekara arba'in ta sami wasiƙa cewa yana raye, zai iso a jirgin ƙasa na Alhamis. Ta tafi tasha da 'yar rigarsa ta yarinta a jaka. Jirgi ya shigo, ya tsaya, an buɗe ƙofofi. Daidai nan Sarwar ya kashe allon.

"Haba, baban Tanwir. Layi ɗaya. Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Gobe."

"Kai ka leƙa, na san ka."

"Ni ma'aikacin gidan waya ne, ba na buɗe abu kafin lokacinsa. Tashi ki ɗora shayi, la'asar ta yi."

Washegari da safe yana ba tukunyar na'a-na'a ruwa a tsakar gida, butar ta faɗi daga hannunsa. Kafin ɗansu Tanwir ya samo mota ya cika.

Ranar addu'ar uku gida ya cika da mutane. Haji Manzur, yayan marigayin, mai shagon yadi, gemunsa ja da lalle, shi ne a zaune a tsakiya yana karɓar gaisuwa. Da jama'a suka ragu ya shigo ɗakin ciki, idonsa ya sauka kan kanta ta tsakiya. Ya sa Tanwir ya kunna masa allon. Ya karanta sunan jakar dama ya gyaɗa kai. Ya karanta na hagu, ya buɗe, ya yi ta turawa da yatsa, fuskarsa na canjawa.

"Sittin da bakwai," ya ce. "Littafin ƙarya sittin da bakwai, bango ɗaya da maganar Allah."

"Ba bango ɗaya ba ne, Haji Sahib," in ji Musarrat daga bakin ƙofa, mayafinta har goshi. "Ya ware su."

"Uwar Tanwir, tun muna yara nake fama da shi a kan wannan. Mahaifinmu ya ƙona masa irinsu a murhu sau biyu. Yanzu yana kabari, ba ya iya gyara komai. Abin da mutum ya bari a bayansa yana bin sa, mai kyau da marar kyau. Duk wanda ya buɗe waɗannan, shi za a rubuta wa." Ya juya ga Tanwir. "Kafin arba'in ka goge su. Kai ne ɗansa."

"To, Taya ji," in ji Tanwir, haka yake kiran yayan ubansa.

Da Haji ya tafi Musarrat ta tare ɗan nata a tsakar gida yana ƙoƙarin tayar da babur.

"Ba za ka goge ba."

"Ammi, kin ji abin da ya ce."

"Na ji. Shi ya yi zaman shekara talatin da takwas da ubanka, ko ni?"

"To me za ki yi da su? Ko karantawa ba kya iyawa."

Bai faɗa don ya ɓata mata rai ba. Da da gangan ne da ya fi mata sauƙi. Ya ce shago ya yi kwana uku a rufe, zai duba maganar daren arba'in, ya tayar da babur ya fita.

Ita kuwa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba za ta taka bakin titi ba. Bayan azahar gidan ya zama ba ta san inda za ta sa kanta ba. Rana ta shida ta sauko da allon, ta danna inda ta ga yana dannawa. Littafin ya buɗe a inda ya tsaya. Ta sa yatsa ƙarƙashin kalmar farko.

Kwana ashirin ta yi ta ci shafi huɗu da rabi. Marubucin, Allah ya shirye shi, maimakon ya fito da mutumin daga jirgi, sai ya koma baya yana ba da labarin ranar da yaron ya ɓace: kekunan shanu, rijiyar da aka sha ruwa, hannun da ya suɓuce a cikin turmutsutsu. Ta duba lambar da ke ƙasa. Saura shafi tamanin da ɗaya. Saura kwana goma sha huɗu arba'in.

Ta roƙi surukarta Rubina, matar Tanwir, ta karanta mata. Rubina ta yi aji goma, karatu ba ya mata wuya. Amma ta ɗaga hannuwa biyu.

"Ammi, ki rufa mini asiri. Idan ya ji na karanta miki abin da Taya ji ya hana, kina cikin takaba, gidan ubana zan kwana."

"Waye zai gaya masa? Fanka?"

"Jikarki ƙarama. Ko tari na yi sai ta kai wa babanta rahoto."

Musarrat ta dubi jakunkunan biyu. Can ta ce, "To ki nuna mini abu ɗaya. Yaya yake fitar da littafi daga nan ya sa a can? Na ga yana yi idan mai kwamfuta ya zuba masa su a hargitse."

Rubina ta dube ta, ta dubi ƙofa. Ta zauna. A ɗora yatsa kan hoton littafin a riƙe, har wasu layuka su fito. A taɓa na uku. Sunayen jakunkuna za su fito, kowane da ɗan akwati a gefensa. A cire alamar wannan, a sa a wancan. Ta yi sau ɗaya, ta mayar yadda yake, ta miƙe tana goge hannu a gefen riga.

"Ni ban nuna miki komai ba, Ammi."

"Ba ki nuna ba. Je ki duba tukunyarki."

Niyyarta littafi ɗaya ne, na telar. Ta yi alwala kafin ta fara, don jakar dama za ta taɓa. Ta riƙe, ta taɓa na uku, ta cire alama, ta sa alama. Littafin ya bar hagu ya koma dama, ya zauna tsakanin tafsiri juzu'i na biyu da littafin addu'o'in safe da yamma. Ta ce astagfirullah sau uku. Babu abin da ya faru, fanka na juyawa.

Sai ta ga na kusa da shi, mai hoton gida da bishiyar dabino. Wannan shi ya karanta mata lokacin da aka yi mata aikin ido, tana kwance da bandeji. Na bayansa, na ɗan sandan nan mai tumbi, ranar da suka gama shi Sarwar ya yi dariya har haƙorin robarsa ya faɗo cikin dal. Na bayansa kuma sun yi faɗa a kansa kwana biyu, ita tana cewa matar ce da gaskiya, shi yana cewa mijin. Wanne za ta bar wa Tanwir ya goge?

Biyar a rana take yi, wata rana shida, kullum da alwala. Yatsanta mai kaushi ne, wani lokacin allon ba ya jin sa sai ta goge a zani ta sake. Ana gobe arba'in da rana ta kwashe na ƙarshe. Jakar hagu ta zama fayau. Lissafinta mai sauƙi ne: Tanwir zai buɗe, ya ga ba komai, ya ɗauka ita ko Rubina sun riga shi, ya mayar da allon kan kanta. Tanwir ba mai buɗe tafsiri ba ne, wannan ta sani tun yana ɗan goma. Idan ƙura ta lafa ta mayar da kowane gurbinsa, kamar yadda mai su ya bari.

Amma Tanwir bai duba ba. Ranar ya wuni yana jigilar tukwanen shinkafa da kujeru da rumfa, ya manta.

Ranar arba'in aka kafa rumfa a bakin titi don maza, mata suna ciki, labule a ƙofar zaure. Aka sauke Alƙur'ani, aka yi addu'a, aka fito da tufafin marigayin da takalmansa don a ba mabukata. Musarrat na zaune dab da labulen, tana jin komai. Ta ji muryar Haji Manzur.

"Tanwir, abin da na sa ka fa?"

Tanwir ya ce, "Taya ji, wallahi hidima ce ta yi yawa."

"Kawo shi nan. A gaban liman za a yi, ya fi albarka."

Tanwir ya shigo da sauri, ya wuce ta bai dube ta ba, ya ɗauki allon ya fita. Ta ji ana ce wa liman ga yadda ake kunnawa. Ta ji Haji yana bayani, yana cewa ɗan'uwansa mutumin kirki ne, sallah ba ta wuce shi, sai dai kowa da rauninsa, nasa raunin labaran banza ne. Daga nan maganar ta yanke.

"Babu komai a ciki," in ji Haji. "Tanwir, ka ce ba ka goge ba."

"Ban taɓa ba, Taya ji."

"Ni da idona na ƙirga sittin da bakwai."

"Matan gidan fa?" wani ya tambaya.

"Ammi ko kunna shi ba ta iya ba," in ji Tanwir. "Matata kuma ba ta taɓa kayan Abbu."

Rubina na tsaye da tiren kofuna a tsakar gida. Suka haɗa ido da Musarrat. Rubina ta sunkuyar da kai ta shige kicin.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce shi bai san kan waɗannan na'urori ba, amma ya ji ana cewa idan mutum ya goge abu, wani lokacin hotonsa kan tsaya kwanaki kafin ya ɓace. Ƙila marigayin ne da kansa ya goge kafin rasuwarsa. Wani daga baya ya ce haka ne, wayarsa ma tana yin haka. Sai aka ji Haji Manzur yana kuka, kuka na gaske, irin na tsoho, da shessheƙa.

"Ya tuba," yake cewa. "Ƙanena ya tuba ban sani ba. Shekara sittin ina yi masa faɗa, ashe ya ji. Na tsaya kan kabarinsa ina jin tsoro a kansa, ashe ya wanke hannunsa kafin ya tafi."

Maza suka yi ta cewa Allahu akbar a hankali. Haji ya share hanci ya ce abu mai tsarki irin wannan bai kamata ya zauna a kan kanta yana shan ƙura ba. Ba abin da ya rage a ciki sai maganar Allah da ta Manzonsa. A matsayinsa na babba a gidan, ya ba da shi wakafi ga masallacin unguwa, duk wanda ya karanta harafi ladan ya isa kabarin Sarwar. Ya tambayi Tanwir ko ya yarda. Tanwir ya ce ya yarda.

Labulen yana taɓa gwiwar Musarrat. Ta ɗaga hannu ta kama gefensa. Me za ta ce? Cewa mijinta bai tuba daga komai ba, don bai ɗauki abin laifi ba? Cewa ita, mai takaba, ta kwashi labaran soyayya sittin da bakwai ta cusa tsakanin tafsiri da hadisi, abin da shi kansa ya kwana uku yana tunani don kada ya faru? A gaban maza sittin da liman? Wata tsohuwa a gefenta ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kin yi dacen miji, 'yar'uwa." Ta saki labulen.

Da yamma, bayan an kwashe rumfa, ta sami Tanwir yana wanke hannu a famfo.

"Ka karɓo mini allon ubanka."

"Ammi, an yi wakafi. Ba a karɓar wakafi."

"Ba na Haji ba ne da zai bayar. Shagufta ce ta saya. Wa ya tambaye ni?"

"Ni na yarda, a gaban mutane." Ya rufe famfon. "Kin san shekara nawa ana yi mini dariya a kasuwa? Ɗan mai karanta wa matarsa labarin soyayya. Yau Taya ji ya rungume ni. Bai taɓa rungumata ba, ko ranar aurena. Ki bar mana wannan, Ammi. Ki bar wa Abbu."

Ta kusa gaya masa gaskiya. Ta dubi fuskarsa, idanun sun yi ja, goshin na ubansa ne sak. Ta ce, "Akwai sauran shinkafa a tukunya, ka kai wa maƙwabta kafin ta lalace."

Ranar Juma'a ta ji sunan mijinta a lasifikar masallaci. Liman ya yi huɗuba a kan kyakkyawan ƙarshe, ya ba da misali da Gulam Sarwar na gidan waya, wanda ya share ƙarya da hannunsa kafin a zo ɗaukar ransa. Tana tsakar gida tana yanka albasa. Masallacin bai fi taku ɗari biyu daga ƙofarsu ba. Mata ba sa shigarsa, ko da takaba ko babu, tun da aka gina shi.

Tanwir ya dawo ya ce an sa allon a kabad mai gilashi kusa da mumbari, an kulle, an manna takarda da sunan Abbu. Ba wanda ya buɗe shi tukuna, tsofaffin suna jin tsoron su ɓata wani abu.

"Liman ya ce ya mutu ma, ba caji. Yana tambayar wayar cajinsa. Ɗaliban hadda za su fara amfani da tafsirin. Ina take?"

Wayar tana cikin aljihun rigar Musarrat tun ranar Laraba. Ta same ta a bayan gado, a nannaɗe da roba yadda yake nannaɗe ta. Idan ta bayar, allon zai farka. Wani ɗalibi zai buɗe jakar dama yana neman juzu'i na uku, ya ci karo da ɗan sanda mai tumbi. Kafin la'asar unguwa ta ji, kuma ba za a ce Musarrat ba, za a ce Sarwar, munafukin da ya ɓoye ƙarya a bayan Alƙur'ani. Idan ba ta bayar ba, zai zauna a gilashi baƙi ƙirin, telar na tsaye a tasha.

"Ban gan ta ba," ta ce.

"Rubina, kin ga wayar cajin Abbu?"

"A'a," in ji Rubina daga kicin, ba ta leƙo ba.

"Irin tsohon bakin nan ne," in ji Tanwir, yana cire hula. "Sai in duba a kasuwa idan na tuna."

Ta san ɗanta, ba zai tuna ba. Ya zauna ya ce a kawo abinci. Ta tashi ta ɗora kasko, ta fara murza gurasar roti, ta yi masa uku.